Malam, a Ina Ka Samo?

Na yi shekaru ina faɗa wa ɗalibaina cewa Babbar Ganuwar China ita kaɗai ce ginin ɗan Adam da ake hangowa daga duniyar wata. Da ƙarfin gwiwa nake faɗa, har da ɗaga alli sama, su kuma su duƙufa suna rubutawa. Ni ma a bakin wani malamina na ji, shi ma na tabbata a bakin nasa malamin ya ji. Rannan an tashi, kowa ya watse, sai na ga wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen littafinta. Ta ce, "Malam, don Allah kada ranka ya ɓaci. Maganar ganuwar nan, a ina ka samo?" Na ce lafiya? Ta ce ta duba ne a wayar yayanta, ta ga cewa Yang Liwei, ɗan China na farko da ya je sararin samaniya a 2003, da ya dawo aka tambaye shi, ya ce shi dai bai ga ganuwar ba. Shi ke nan fa da yake kewaya duniya a nisan 'yan ɗaruruwan kilomita, balle wanda ke kan wata, mai nisan kusan kilomita 384,000.

Ba zan ɓoye ba, zafi na fara ji. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce mata ba duk abin da ke intanet ne gaskiya ba. Maganar gaskiya ce, amma da na faɗe ta a wannan lokacin, da na ɗauki gaskiya na yi wa ƙarya garkuwa. Allah ya taimake ni na haɗiye. Na ce ta bar ni in duba. Da dare na duba, na ga ita ce da gaskiya, na kwana ina lissafin yawan ajujuwan da na yaye da wannan labari a kansu. Wasunsu ma yanzu malamai ne.

Tun daga ranar nake kallon batun koya wa ɗalibai tantance labaran intanet da wani ido daban. Duk wanda ka tambaya zai ce maka ya kamata a koyar, kuma ni ma haka na ce. Inda na rabu da mutane da yawa shi ne a kan abin da za a koyar ɗin, da kuma irin ajin da za a iya koyar da shi a ciki. A ganina darasin gaba ɗayansa yana cikin tambayar yarinyar nan: a ina ka samo? Kuma yaron da aka hana shi yi wa malaminsa wannan tambaya ba zai taɓa yi wa wayarsa ita ba. Idan ya shekara goma sha biyu ana horar da shi cewa abin da aka rubuta a allo a kwafa a haddace a mayar ranar jarrabawa, to allon waya ma allo ne a wurinsa.

Akwai wata magana da manya ke yi wadda ke hana mu ganin girman matsalar, wai yaran yanzu a cikin waya aka haife su, sun fi mu sanin kanta. Sun fi mu saurin yatsa, wannan babu musu. Amma iya tuƙa mota daban, sanin hanya daban. A 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Sam Wineburg, sun tattara amsoshin ɗalibai 7,804. Sama da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare sun ɗauki talla a matsayin labari, alhali an rubuta a jikinta cewa biya aka yi aka saka ta. A 2019 suka sake gwada ɗaliban babbar sakandare 3,446. Aka nuna musu wani bidiyo mai dishi-dishi na mutane suna cusa ƙuri'u a akwati, aka ce a Amurka ne. Fiye da rabinsu suka ce wannan ƙwaƙƙwarar hujja ce ta maguɗin zaɓe a ƙasarsu. A Rasha aka ɗauki bidiyon. Ɗalibai uku kacal, cikin sama da dubu uku, suka bi sawu har suka gano asalinsa. Waɗannan fa yara ne da aka bar su su yi amfani da intanet lokacin gwajin.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda Wineburg da Sarah McGrew suka yi a 2017, domin shi ya nuna ainihin inda gizo ke saƙar. Suka zaunar da rukuni uku gaban kwamfuta: masana tarihi goma masu digirin digirgir, ɗaliban Stanford ashirin da biyar, da mutum goma da sana'arsu ita ce tantance labari kafin a buga a jarida. Aka ba su shafukan ƙungiyoyi biyu na likitocin yara masu sunaye kusan iri ɗaya. Ɗaya tun 1930 aka kafa ta, membobinta sun haura dubu sittin. Ɗayar ƙaramar ƙungiya ce da ta ɓalle a 2002 kan saɓanin aƙida, membobinta 'yan ɗaruruwa. Masanan da ɗaliban suka tsaya a cikin shafin suna karantawa daga sama har ƙasa, suna duba kyawun tambari, da tsarin rubutu, da jerin littattafan da aka ambata a ƙarshe. Mafi yawan ɗaliban suka ce ƙaramar ƙungiyar ta fi cancantar a yarda da ita. Masanan ma da yawansu sun rikice. Su kuwa masu sana'ar tantancewa, ko minti ɗaya ba su cika yi a shafin ba. Sai su fita, su buɗe wani shafi a gefe, su rubuta sunan ƙungiyar, su ga me wasu ke cewa a kanta. Dukkansu suka gano gaskiya, kuma cikin lokaci kaɗan.

Abin da suka yi ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa son sanin halin wani. Ba mutumin kake tambaya ko shi mai amana ne ba, maƙwabtansa kake tambaya. Shi ya sa a ajina nake kiran dabarar da suna tambayar maƙwabta. Kuma malaman hadisi sun riga kowa a wannan fage da ƙarnuka. Da ƙage ya yi yawa, ba su tsaya ga daɗin lafazin magana ba, sai suka koma kan waɗanda suka kawo ta: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa, sun ma taɓa haɗuwa kuwa, me mutanen zamaninsa suka ce game da gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa? An ruwaito Abdullahi ɗan Mubarak yana cewa ba don isnadi ba, da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. A gabatarwar Sahihu Muslim kuma akwai hadisin da ke cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. In ka cire zamani, wannan ai bayanin maɓallin turawa ne. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutum ya san duk wannan, ya iya karanto ayar Suratul Hujurati da ta ce a yi bincike idan an zo da labari, amma saƙon murya ya shigo wayarsa daga wanda bai san ko sunansa ba, ya watsa shi zaure biyar, ya rubuta a ƙasa: "kamar yadda na samu." Wannan jimla ta zama sabulun wanke hannu.

Saboda haka ba na goyon bayan irin darasin da ake bai wa yara jerin alamomi su haddace, wai labarin ƙarya yana da kuskuren rubutu, ba shi da sunan marubuci, shafinsa ba shi da tsari. Maƙaryacin da ya san aikinsa ya riga ya karanta jerin nan kafin ɗalibi. Kuma mafi haɗarin ƙarya sau da yawa ba a ƙirƙire ta daga babu ba, gaskiya ce aka yanke mata kai ko aka sauya mata gari. A Karachi ta Pakistan an taɓa shirya wani ɗan gajeren bidiyo don jan hankalin iyaye: mutum biyu a kan babur suka sure yaro a titi, daga baya suka dawo da shi, ɗayansu ya ɗaga takarda mai ɗauke da gargaɗi. Wani ya yanke ƙarshen, ya bar satar kawai. Bidiyon ya zagaya Indiya ta WhatsApp a matsayin shaidar cewa ɓarayin yara sun shigo gari. A cikin wannan zazzaɓin ji-ta-ji-ta aka kashe mutane a jihohi da dama. Ranar 1 ga Yuli 2018, a ƙauyen Rainpada na jihar Maharashtra, taron jama'a ya kashe mutum biyar, baƙi masu yawon neman taimako, da duka. Babu kuskuren rubutu a bidiyon nan. Duk abin da ido ya gani ya faru a gaban kyamara. Muna cewa gani ya kori ji, amma karin maganar an yi ta ne lokacin da mai gani yana tsaye a wurin da ƙafarsa. Wanda ke kallo ta waya ji yake yi da ido. Muna kuma cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Mutanen da suka sha ruwan gishiri a Najeriya a watan Agustan 2014 don gudun Ebola, har aka rasa aƙalla mutum biyu, sun ga 'ya'yanta.

Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta zo ta ƙara dagula lissafi. A Maris 2023 hoton Fafaroma Francis sanye da wata ƙatuwar farar rigar sanyi ya ruɗi miliyoyin mutane, alhali manhajar Midjourney ce ta zana shi. Bayan wata biyu hoton bogi na fashewa kusa da ma'aikatar tsaron Amurka ya sa kasuwar hannun jari ta ɗan girgiza na wasu mintuna. Wasu malamai suka koma koya wa yara ƙirga yatsun hannu a hoto, don manhajojin farko suna yawan kuskure a nan. Kafin a gama rubuta darasin an gyara manhajar. Amma abin da ya fi damuna shi ne maganin da mutane suka fi saurin bayarwa: "kada ka yarda da komai." An gudu ba a tsira ba ke nan. Yaron da ya tashi da wannan bai zama mai basira ba, ya zama wanda ba a iya gamsar da shi da kowace hujja, kuma irinsa ne abincin maƙaryaci. Domin idan komai ƙarya ne, to mai laifin da aka kama a bidiyo sai ya ce haɗawa aka yi, a wuce wurin. A ƙarshen 2018 gwamnatin Gabon ta fitar da jawabin sabuwar shekara na Shugaba Ali Bongo bayan ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, wasu suka dage cewa bidiyon na bogi ne, kuma mako guda bayan haka wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki. A watan Disambar 2018 ne kuma Muhammadu Buhari ya tsaya a Poland yana tabbatar wa mutane cewa shi ne shi, ba wani Jubril daga Sudan ba. Mai cewa komai ƙarya ne da mai yarda da komai, lalaci ɗaya ke damunsu, dukkansu sun huta da wahalar dubawa. Abin da nake so ɗalibi ya fita da shi shi ne ya san wa ya cancanci yarda, a kan wane batu, kuma don me.

Sai dai ko dabarar dubawa ba ta isa ba, kuma nan ne masu shirya taron bita na yini ɗaya ke yaudarar kansu. Wata mai bincike, Sumitra Badrinathan, ta gwada a jihar Bihar ta Indiya lokacin zaɓen 2019. Aka bi mutane gida-gida aka ba su horo na awa guda kan gano labaran bogi. Da aka auna, horon bai ƙara musu komai ba a dunƙule, kuma magoya bayan jam'iyya mai mulki da suka sami horon sai suka ƙara kasa gane ƙaryar da ta dace da ra'ayinsu. Masanin tarihi Ibn Khaldun ya riga ya faɗi wannan tun 1377, inda ya sa son kai ga ra'ayi da mazhaba a farkon dalilan da ke shigar da ƙarya cikin labarai: idan labari ya zo daidai da abin da rai ke so, karɓe shi ake yi tun a tashin farko. Ka lura da kanka. Idan aka ce ɗan siyasar da kake so ya yi sata, nan take za ka zama lauya, ina hujja, wa ya ce, yaushe. Idan aka ce wanda ka tsana ne, sai ka ce ai ruwa ba ya tsami banza. Masu bincike a jami'ar MIT sun bi labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017, suka ga ƙarya ta fi gaskiya samun masu turawa da kashi 70 cikin 100, kuma gaskiya na ɗaukar ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500. Ba na'urori ne suka jawo bambancin ba, mutane ne. Ƙarya sabuwa ce kullum, tana zuwa da mamaki da tsoro da ƙyama. Don haka darasi na farko a jikin ɗalibi yake: duk lokacin da saƙo ya sa gabanka ya faɗi, ko ranka ya ɓaci, ko ka ji daɗin cewa an tona asirin maƙiyinka, to a lokacin ne ya kamata yatsanka ya tsaya.

Yara kuma suna saurin ganewa idan aka nuna musu kuɗin da ke bayan abin. A 2016 an gano shafuka sama da ɗari na siyasar Amurka da ake gudanarwa daga Veles, wani ƙaramin gari a Masedoniya, da yawansu a hannun samari. Ba ruwansu da wanda zai ci zaɓe. Sun dai lura cewa labarin da ya fi tunzura mutane shi ya fi kawo masu latsawa, masu latsawa kuma su ke kawo kuɗin talla. Da na ba ɗalibaina wannan labari, wani yaro ya ce, "Malam, ashe fushinmu suke sayarwa." Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan gajarta ba.

Ga yadda nake yi, ba don na ce shi ne daidai ba. Minti goma sha biyar a mako. In kawo abu ɗaya da ke yawo a lokacin, hoto ko saƙo ko guntun bidiyo, ba tare da na ce gaskiya ne ko ƙarya ba. In raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da waya ɗaya. Kafin su taɓa wayar sai kowa ya rubuta abin da ya ji a ransa da ya gani. Sannan su nemo wanda ya fara sakawa, su tambayi maƙwabta a kansa, su saka hoton a Google Lens ko TinEye su ga ko ya taɓa fitowa a wata shekara da wani suna. Ranar farko na kawo wani bidiyo na jirgin yaƙi ana harbinsa da dare, wuta na tashi sama kamar ruwan ƙanƙara, an rubuta cewa daga fagen daga ne. Aji ya yi tsit. Bayan minti bakwai sai na ji ihu daga bayan aji: wasan kwamfuta ne, Arma 3, wanda kamfanin da ya yi shi ya sha fitowa yana kokawa kan yadda ake yanko hotunansa ana cewa yaƙin gaske ne. Yaron da ya gano, wanda ba ya cikin masu ƙoƙari a jarrabawa, ya yi mako yana tafiya da ƙirji a gaba. Kuma da gangan nake sako labaran gaskiya masu kama da ƙarya a tsakani, don kada su ɗauka cewa amsar kullum ita ce bogi ne. Ranar da suka yi watsi da wani labari na gaskiya saboda ya yi musu kama da ƙanzon kurege, ranar muka fi koyon abu. Ba wani dogon lokaci abin ke buƙata ba. A birnin Lincoln na jihar Nebraska an gwada darussa shida kacal, kowanne bai cika awa ɗaya ba, aka ga bambanci a fili tsakanin waɗanda aka koya wa da waɗanda ba a koya wa ba. Bambancinsa da horon Bihar, a fahimtata, shi ne maimaici da sa hannu.

Abin da nake tsoro shi ne a mayar da shi sabon fanni mai littafi da jarrabawa. Na san abin da zai faru. Za a ce kawo ma'anar labarin bogi, lissafa nau'o'insa guda bakwai, yaro ya haddace ya ci tamanin, ya fita ya tura saƙon cewa wani ganye na warkar da ciwon daji. Finland, wadda daga 2017 ta yi shekaru tana kan gaba a ma'aunin ilimin kafafen yaɗa labarai na ƙasashen Turai da wata cibiya a Sofiya ke fitarwa, ba haka ta yi ba. A manhajar karatunta ta 2016 ta barbaza abin cikin dukkan darussa. Malamin lissafi ya nuna yadda ake yaudara da alƙaluma, na zane ya nuna yadda ake juya ma'anar hoto, na tarihi ya kawo farfagandar zamanin da, na harshe ya nuna yadda kalma ɗaya ke karkatar da labari. Ƙasashe da yawa ba su da kuɗin Finland, amma wannan tsari ba kuɗi ya fi ci ba. Malami ya fi ci. UNESCO ta fitar da manhajar horar da malamai kan wannan fanni tun 2011, kuma da malaman ya kamata a fara, don a cikinmu akwai manyan masu turawa. Ni shaida ne, ga ganuwar China.

Akwai masu cewa wannan ɗora wa yara kayan da ba nasu ba ne, kamfanonin da suka gina injin yaɗa ƙarya su ya kamata a kama. Suna da gaskiya rabi. Bayan kashe-kashen Indiya ne WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a Indiya a 2018, a duk duniya a farkon 2019, wanda ke nuna cewa da ma suna iyawa. Amma abin da kamfani ya bayar yau yana iya janyewa gobe. A Janairun 2025 Meta, mai mallakar Facebook da WhatsApp, ta sanar da daina aiki da masu tantance labarai masu zaman kansu a Amurka. Ba zan jingina kan ɗana da shawarar da wani zai yanke a ɗakin taro a wata nahiya ba. Wasu kuma na cewa ai manya ne suka fi yaɗawa, me ya sa za a tsare yara? Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya: wani bincike kan masu amfani da Facebook a Amurka lokacin zaɓen 2016 ya nuna waɗanda suka haura shekara 65 sun tura labaran bogi kusan ninki bakwai na matasa 'yan ƙasa da 30. To amma manya ba su da aji. Yaro shi ne hanyar shiga gida. Hukumar gundumar Kannur a jihar Kerala ta fahimci haka a 2018, bayan ji-ta-ji-ta ta sa iyaye sun ƙi allurar rigakafin ƙyanda, sai ta shigar da darasin makarantun gwamnati kusan 150, tana fatan yaran su koma su yi wa iyayensu bayani.

Wanda na fi ɗauka da muhimmanci shi ne mai tambayar wa zai ce wannan ce gaskiya. Gwamnatoci da yawa sun gano daɗin kalmar labaran ƙarya, suna kiran duk abin da bai yi musu daɗi ba da ita, har suna ɗaure 'yan jarida da sunanta. Idan darasin ya zama jerin kafafen da hukuma ta amince da su, to gara a bar shi. Kariyar kawai ita ce tambayar ta hau kan kowa. Sanarwar minista a tambaye ta a ina ka samo. Babbar jarida a tambaye ta. Mai wa'azi mai mabiya miliyan a tambaye shi, cikin ladabi, amma a tambaya. Littafin aji ma a tambaye shi.

Shi ya sa na ce aikin ya fi yi wa malami nauyi fiye da ɗalibi. Washegarin ranar ganuwa na shiga aji na ce su buɗe littattafansu su soke layin da na sa su rubuta. Na ce kuskure na yi, kuma 'yar'uwarsu ce ta gyara ni. Na zaci girmana zai zube. Abin da ya faru shi ne sun daina jin kunyar cewa sun yi kuskure, wanda shi ne abin da ke hana yawancinmu goge saƙon da muka tura ko bayan mun gano ƙarya ne. Amma ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Wani abokin aikina ya same ni ya ce ina ɓata yara, yanzu har sun fara tambayarsa hujja a tsakiyar darasi. Kuma akwai inda dabarar ke cin karo da bango. Yarinyar nan dai ta dawo mini bayan wasu makonni, ta ce babanta ya tura wani saƙo a zauren danginsu, ta duba ta ga tsohon hoto ne daga wata ƙasa. Na ce to me kika yi? Ta ce da ta fara yi masa bayani sai ya ce, "Ke ce za ki koya mini?" Sai ta yi shiru. Da dare ta kai masa wayar, ta ce, "Baba, don Allah nuna mini yadda ake neman asalin hoto, malaminmu ya ba mu aikin gida na kasa." Ya ce shi ma bai iya ba. Ta ce to su gwada tare, da wannan hoton da ya tura ɗazu. Ta ce ya daɗe yana kallon abin da ya fito, bai ce komai ba, ya miƙa mata wayar ya ce ta je ta kwanta. Da safe ta duba zauren, saƙon yana nan bai goge ba. Amma ta ce jiya da wani ya turo sabon labari, ta ga babanta ya rubuta a ƙasa: "Wa ya ce?"